Gidan Rumfa: Ta Yaya Ginin Ƙasa Ya Haura Shekara 500?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san halinsa. Ka bar katanga damina biyu ko uku babu yaɓe, sai ka ga ta fara zaizayewa daga sama, gindinta yana cinyewa daga ƙasa, wata rana cikin watan Agusta a wayi gari ta kwanta. To ga abin tambaya. Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, da ƙasa aka gina shi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yau fiye da shekara 500 ke nan, kuma har gobe shi ne gidan sarautar Kano. Ƙasar da damina uku ke kayarwa, me ya riƙe ta damina ɗari biyar?

Amsar a taƙaice ita ce gyara. Gidan ya daɗe ne saboda ba a taɓa daina taɓa shi ba: a yaɓe nan, a sauke can, a sake ɗaura wancan soron. Amma gyaran ginin ƙasa yana da ƙa'idarsa, kuma idan aka saɓa mata, gyaran da kansa ne yake kashe ginin. Bari mu bi abin daki-daki.

Gidan da Rumfa ya kafa

Kafin Rumfa, sarakunan Kano suna zaune ne a tsohon ɓangaren birni, wajejen Dutsen Dala. Shi ne ya fito kudu ya kafa sabon gida a fili, ya kuma faɗaɗa ganuwa. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya lissafa abubuwan da ya fara: Kasuwar Kurmi, majalisar nan ta Tara ta Kano, kakaki, figini, kulle, da shi wannan gida da har yau ake kira da sunansa. A zamaninsa ne kuma Shehu Al-Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake mulki. Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, shi ma da Rumfa ake danganta shi, don masu ba da tarihi suna cewa a nan ya zauna kafin a gama ginin fada.

Girman gidan ya kai kimanin eka 33, wato kusan filin ƙwallo 18 ke nan a haɗe. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka gini guda ne mai hawa-hawa. Unguwa ce sukutum a cikin katanga, da soraye, da zauruka, da tsakar gida iri-iri, da lunguna, da wuraren dawaki. Tsarinsa tsarin gidan Bahaushe ne aka ninka: baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa ya wuce shigifa, cikin gida kuwa sai mai izini. Ko wane soro ka wuce, ka ƙara kusantar sarki, kuma mutanen da ke da ikon wuce shi sun ragu.

Tubali da azara

Ginin yana farawa ne daga kududdufi. Yawancin kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu shekara da shekaru. Ƙasar da magini ke nema tana da laka da yashi gwargwado. Yashi shi ne ƙashin bango, laka kuma ita ce ƙaron da ke manne shi. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, masu faɗi kamar faifai, kuma 'yar danshin da ke tsakaninsu ce take riƙe su da juna. Idan ruwa ya yi yawa sai su saki juna, su kumbura. Idan suka bushe sai su tsuke, bango ya tsage. Shi ya sa ake zuba ciyawa a kwaɓi, a tattake, a bar shi kwanaki ya jiƙu: ciyawar tana raba tsagewar ta zama ƙanana-ƙanana maimakon babba guda.

Daga wannan kwaɓin ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Wajen jerawa gindin ne a ƙasa, tsinin a sama, a cike tsakani da kwaɓi. Ana ɗora 'yan layuka a bari su sha iska kafin a ƙara, don haka aikin rani ne. Bangon yana fitowa da kauri sosai a gindi, yana sirancewa yana hawa. Ka ga nauyin yana taruwa inda bangon ya fi ƙarfi.

Rufi kuma sai azara, wadda ake tsagowa daga jikin giginya. Zarenta a cushe yake, ga tauri, kuma gara ba ta cika iya mata ba. Matsalarta ɗaya: idan aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, tazarar da za ta iya haurawa ba tare da ta lanƙwashe ba ba ta wuce taku shida, wato ƙasa da mita biyu. Ɗakin talaka ya ishe shi. Amma sarki yana son soron da zai ɗauki hakimai da fadawa a zama ɗaya. Yaya za a yi?

Bakan gizo

Nan ne gwanintar maginan Hausa ta fito. Maimakon a nemi azara doguwa, sai a dasa damin azara a cikin bango tun ana gini, a karkato da kansa ciki. A kan wannan a ɗaure wani damin da igiya, ya ɗan ƙara leƙowa, a lulluɓe da kwaɓi, a bari ya bushe. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu, gaɓa bayan gaɓa, har su haɗu a tsakiya. Abin da ya fito shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna, sun raba rufin gida-gida ke nan, ko wane gida azara ɗaya za ta iya haura shi. Magina suna kiran irin wannan ɗauri ɗaurin guga, kuma a kansa ake ɗora tulluwa. Da wannan dabara ake samun soro mai faɗin da ya ninka tsawon azara sau uku ko huɗu, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

A ilimin injiniya, abin da ke faruwa shi ne: ƙasa tana jure danni, amma ba ta jure ja. Ka danna tubali zai daure, ka lanƙwasa shi ya karye nan take. Ita kuwa azara tana jure ja. Da aka haɗa su, ko wanne ya ɗauki aikin da ɗayan ya kasa. Wannan ita ce dai hikimar sa rodi a cikin kankare, sai dai maginanmu sun iso gare ta da abin da ke tsiro a bayan gari.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shiga Gidan Rumfa a 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya ba da labarin tsakar gida da lungunan da ke ruɗa baƙo, ya kuma yaba soron da sarki ya karɓe shi: rufi mai tsawo, azarar a ɓoye, manyan bakuna biyu da aka goge aka ƙawata kamar su kaɗai ke ɗauke da komai. A wannan ƙarnin ne kuma aka yi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, aikin da masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar wannan fasaha.

Yaƙi da ruwa

Abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne, kuma ta hanya uku yake kai hari. Yana dukan rufi da kan katanga daga sama. Yana fantsama daga ƙasa ya ci gindin bango. Sannan yana hawowa ta cikin bangon daga ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitila. Ruwan Kano kuwa ba a warwatse yake zuwa ba. Kusan duk na shekara yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawansa a Agusta, sau da yawa da iska mai watsa shi a jikin bango.

Ko wace kafa magina sun yi mata shiri. Rufin yana da ɗan gangare zuwa indararo, shi kuma indararo yana leƙowa waje sosai don ya zubar da ruwan nesa da gindin bango. Jikin bango ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar 'ya'yan ɗorawa. Ruwanta yana ɗaure fuskar ƙasa ya rage mata shan ruwa, shi ne kuma ke ba bango wannan launi mai duhu-duhu. Rufi da wuraren da ruwa ya fi duka kuwa laso ake yi musu: katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a ƙona shi a daka, a haɗa da gashin dabba daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi.

A lura da abu biyu a nan. Na farko, makuba da laso ba su dawwama. An yi su ne don ruwa ya ci su maimakon ya ci bango, bayan 'yan shekaru a sake. Na biyu, magini bai wadatu da kansa ba. Katsinsa yana hannun marina irin na Ƙofar Mata, gashinsa yana hannun majema, azararsa tana hannun masu saran giginya, makubarsa tana jikin ɗorawar gona. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ja baya, har soron sarki sai ya ji a jikinsa.

Kowane sarki da hannunsa

Tarihin gidan tarihin gyara ne da ƙari. Bayan jihadi, da Sarki Alwali ya bar gari aka naɗa Sulaimanu a farkon ƙarni na 19, kundin tarihin Kano ya nuna bai shiga Gidan Rumfa kai-tsaye ba, don manyan jama'arsa ba su so. Sai da aka ankarar da shi cewa mutanen birni da ƙauye ba za su ɗauke shi cikakken sarki ba muddin yana waje, ya nemi izini daga Shehu Usmanu, sannan ya tare. Da a ce an bar gidan babu kowa shekara goma ko ashirin, da yau tudun ƙasa muke nunawa. Zaman mutane a ciki shi ne ya sa aka ci gaba da yaɓe.

Daga Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, zuriyarsa ce ke cikin gidan har yau, kuma sun sauya masa fuska. Wata mai bincike, Heidi Nast, wadda ta yi nazarin taswirar gidan da rayuwar matan cikinsa ta fitar da littafi a 2005, ta nuna cewa tun asali harkar fada ta fi karkata ne ta arewa, ɓangaren da ke duban tsohon gari da kasuwa, daga baya nauyin ya komo kudu. Ƙofar Kudu, inda yau ake jahi a Hawan Daushe, aikin Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, wanda ya hau mulki a 1855. Ashe ƙofar da mutane da yawa ke ɗauka ita ce fuskar gidan tun fil azal, Rumfa ya riga ta da kusan shekara 400.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, aka naɗa Sarki Abbas, gidan ya ci gaba da zama fada. Sunan Soron Ingila, inda ake karɓar manyan baƙi, ya isa ya gaya maka zamanin da ya fito. A ƙarshen mulkin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka maye gurbin tsohon masallacin Juma'a na ƙasa da ke jikin fada da ginin siminti. A doguwar sarautar Ado Bayero kuma, daga 1963 zuwa 2014, da bayanta, kayan zamani sun ƙara samun wuri a sassan gidan: bulo, kankare, fenti, wutar lantarki da famfo.

Da siminti ya shigo

Babu mai musun amfanin siminti. Wanda ya gaji da yaɓe duk shekara, ga tsadar lebura, ga azara ta yi wuya, ba za a ga laifinsa ba idan ya nemi abin da zai yi sau ɗaya ya huta. Matsalar tana zuwa ne idan aka shafa siminti a jikin bangon ƙasa, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin gidajen cikin birni.

Bangon ƙasa yana numfashi. Danshin da ya hawo daga ƙasa da damina, ta fuskar bangon yake fita idan rana ta buɗe. Filastar siminti tana toshe wannan hanya. Bayan haka, siminti da ƙasa ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna idan zafi ya sauya, kuma tun farko ba su manne da kyau ba, saboda haka ba a daɗewa filastar take tsattsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagar ya shige, ya rasa hanyar fita. Gishirin da ruwan ya kwaso daga ƙasa shi ma ya taru a bayan filastar yana rugurguza ƙasar. Daga waje bango sumul, har da fenti. Ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Ranar da filastar za ta ɓalle, sai a tarar rabin kaurin bangon ya zama gari, wani lokacin ma kan azarar da ke ciki ya ruɓe. Yaɓen ƙasa idan ya lalace kowa yana gani, a gyara da wuri. Na siminti ɓoye cutar yake yi har ta yi nisa.

Akwai kuma abin da ake rasawa idan aka sauke ginin ƙasa gaba ɗaya aka sa bulo. Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda yawancin gidaje bulo ne da rufin kwano, sun san yadda ɗaki ke zama a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma babu wutar juya fanka. Bulo siriri ne, ga rami a ciki, kwano kuma nan da nan yake ɗaukar zafi ya sauke shi cikin ɗaki. Bangon ƙasa mai kauri kuwa shanye zafin yake yi a hankali, sai ya ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa, lokacin rana ta faɗi gari ya fara sanyi. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana ne yake saki da dare. Shi ya sa tsohon soro yake da sanyi da azahar ba tare da na'ura ba.

Me ake adanawa, ƙasar ko sanin?

Lokacin da Rumfa ke mulki, attajiran birnin Fulorans na Italiya su ma gasar gina manyan gidaje suke yi. An fara fadar Pitti a 1458, ta Strozzi kuma a 1489. Su ma ba su tsaya yadda aka fara su ba: gidan Medici sun sayi fadar Pitti a 1549, aka yi ta faɗaɗa ta ƙarni bayan ƙarni. Bambancin shi ne da dutse aka yi su, don haka masani zai iya nuna maka aikin ko wane zamani a jikin bango. A ginin ƙasa kuwa sabon yaɓe yana narkewa cikin tsoho, ƙasar bangon da ya faɗi ma ita ake sake kwaɓawa a tayar da shi.

Wannan bambanci ya daɗe yana wahalar da masu adana kayan tarihi. Yarjejeniyar da aka yi a birnin Benis a 1964 ta ba da ƙarfi ne ga kiyaye ainihin kayan da aka yi gini da su, abin da ya dace da dutse. Sai a 1994, a taron Nara na ƙasar Jafan, aka yarda cewa asalin gini yana iya kasancewa a tsarinsa, da amfaninsa, da fasahar da ake gadonta. Babban masallacin Jenne a Mali misali ne: ginin da ke tsaye na 1907 ne, kuma duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi. Tsohon garin Agadas, da fadar Sarkin Abzin a ciki, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita suna jerin jira tun 2007, shi kuwa hawan sallar Kano an karɓe shi cikin al'adun duniya a 2024.

Idan muka auna Gidan Rumfa da wannan ma'auni, abin da ya haura shekara 500 shi ne wurin, da tsarin, da sarautar da ke ciki, da kuma ilimin da ke kan magina, daga Sarkin Magina har yaron da ke miƙa tubali. Ukun farko suna nan. Na huɗun ne abin tsoro. Zane da awo suna taimakawa, kamar waɗanda Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya tattara a arewa, har aka gina kwafin wasu gine-ginen a gidan tarihi na Jos. Amma takarda ba za ta koya wa hannu yadda zai gane kwaɓi ya nuna ba, ko inda za a tsaya a bar baka ya bushe kafin a ƙara gaɓa. Wannan sai a bakin aiki, kuma yaro ba ya koyon sana'ar da babu mai kiran ubansa ya yi.

Saboda haka wanda Allah ya bar wa tsohon soro a gidan gado, a cikin birni ko a ƙauye, yana da abin yi tun kafin hadari ya fara haɗuwa. A hau a duba indararo, a share shi. A gyara gangaren tsakar gida da kwata don kada ruwa ya kwanta a gindin bango. Idan za a ɗora kwano, a bar bakinsa ya leƙo sosai ya kare jikin ginin. Inda ya tsage a cike da irin ƙasarsa, a nemo maginin da ya san makuba ko da sai an tambaya unguwa-unguwa. Kuɗin da aka ba shi ya gyara soro ɗaya, shi ne kuma zai sa ya zo da yaronsa ya riƙe masa kwarya, ya ga yadda ake yi.